Wane tseren mota za ka riƙe? Mu auna su da sawun Fernando Alonso

Duk wanda ya fara leƙa tseren motoci a waya ko a talabijin yakan ruɗe a makonnin farko. Yau ya ga ƙananan motoci masu fitattun tayoyi suna zagaya titunan Monako, gobe ya ga wasu masu kama da su suna kewaya fili mai siffar ƙwai a Amurka, jibi kuma ga wasu masu rufi da fitilu suna gudu cikin tsakar dare a Faransa, sai Janairu ta zo ya ga Hilux tana hawa tudun yashi a Saudiyya. Dukansu sunansu tseren mota, amma nisan da ke tsakaninsu ya kai na dambe da kokawa. Ga shi lokaci kaɗan ne, data ba arha ba, kuma ba wanda zai iya bin kowace gasa ya san 'yan wasanta da dokokinta. Dole mutum ya zaɓi ɗaya ya riƙe ta da kyau.

Hanya mafi adalci ta auna gasannin nan ita ce a yi awon da mudu ɗaya, wato a samu direba guda da ya shiga dukansu, a ga abin da kowace ta nema daga gare shi da abin da ta ba shi. A zamaninmu babu wanda ya dace da wannan kamar Fernando Alonso, ɗan Sifaniya, haifaffen garin Oviedo a ranar 29 ga Yuli, 1981. Mahaifinsa makanike ne, ya ƙera wa 'yarsa ƙaramar motar tsere ta yara, ba ta nuna sha'awa ba, sai Fernando mai shekara 3 ya gaje ta. Daga nan ya kai ga cin kambun duniya na Formula 1 sau biyu, ya ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa sau biyu, ya ci tseren awa 24 na Daytona, ya je Indianapolis sau uku, sannan ya shiga hamada a tseren Dakar. Hannu ɗaya, ido ɗaya, zuciya ɗaya, amma sakamakon ya sha bamban daga wuri zuwa wuri, kuma a wannan bambancin ne mai kallo zai gane gasar da ta dace da shi.

Formula 1: inda mota ke gaban direba

Alonso ya shiga Formula 1 a 2001 tare da Minardi, ƙungiyar da ta fi kowa talauci a lokacin, ya gama shekarar bai samu maki ko ɗaya ba. A 2003 ya samu kujera a Renault, ya ci tserensa na farko a Hangari. A 2005 ya karɓe kambun da Michael Schumacher ya riƙe shekara biyar a jere, ya sake ɗauka a 2006. Yana da shekara 25 a lokacin, kowa na ganin kambu biyar ko shida na jiran sa a gaba.

Bai ƙara cin ko ɗaya ba. A 2007 ya koma McLaren, shi da Lewis Hamilton suka gama da maki 109 kowannensu, Kimi Räikkönen ya wuce su da 110. Da ya koma Ferrari, Sebastian Vettel ya kayar da shi da maki 4 a 2010, da maki 3 a 2012. Shekarar 2012 ɗin nan ita ce na fi so mutum ya nemo ya kalla, domin motarsa ba ita ce ta fi gudu ba, amma ya ja ta da ƙarfin tsiya har tseren ƙarshe a Burazil. Nasararsa ta 32, wadda aka daɗe ana ƙirgawa a matsayin ta ƙarshe, ta zo a Barcelona a 2013. Sai ya sake komawa McLaren a 2015, lokacin da suka haɗa kai da injin Honda wanda bai nuna ba tukuna, ya gama shekara guda cur da maki 11. Mutumin bai manta tuƙi ba. Shaidar ita ce a 2023, yana da shekara 41, Aston Martin ta ba shi mota mai kyau, ya hau mumbarin ukun farko sau shida a tsere takwas na farkon shekara.

Wannan labarin shi ne Formula 1 a dunƙule. Kowace ƙungiya ita ke zana motarta ta ƙera, da ɗaruruwan injiniyoyi da kuɗin da sai da aka yi masa iyaka a 2021 a kan dala miliyan 145 a shekara, ban da albashin direbobi. Ƙungiyar da ta dace da zane a farkon shekara takan mamaye komai. A 2023 Red Bull ta ci tsere 21 cikin 22, Max Verstappen shi kaɗai ya ci 19. Saboda haka idan abin da kake nema shi ne ka zauna ba ka san wanda zai ci ba, akwai shekarun da Formula 1 za ta ba ka haushi.

Amma tana da abubuwan da sauran ba su da su. Na farko, sauƙin bi. Direbobi ashirin da 'yan kai ne, biyu a kowace ƙungiya, cikin wata biyu ka san kowa da halinsa. Tseren galibi kimanin kilomita 305 ne, awa ɗaya da rabi zuwa biyu an gama. Ba a shan mai a tsakiyar tsere tun 2010, taya kawai ake canzawa, kuma makanikai kusan ashirin kan canza huɗun cikin daƙiƙa biyu da ɗoriya. Tserukan Turai galibi sukan fara da ƙarfe biyu na rana agogon Najeriya da Nijar ranar Lahadi, na ƙasashen Larabawa da yamma, sai dai na Japan da Ostireliya da ke buƙatar tashin asuba. Na biyu, babu motar da ta kai ta Formula 1 iya shan kwana da taka birki, kuma wanda ke son fasaha zai ƙoshi. Na uku, surutu. Rabin daɗin gasar yana tsakanin tsere da tsere: wa zai koma ina, wa ya ɓata da abokin ƙungiyarsa, wace ƙungiya ta kawo sabon fiffike. Mai bin cinikin 'yan ƙwallo a Firimiya zai ji kamar yana gida.

Abin da nake so mai kallo ya riƙe shi ne, a nan ana auna direba ne da abokin ƙungiyarsa, domin su biyun ne kaɗai ke tuƙa mota iri ɗaya. Wanda ya zo na tara a mota maras ƙarfi yana iya fin wanda ya zo na biyu aiki. Sai ido ya saba kafin a fara ganin haka.

Indianapolis: ranar da ƙaramin gareji ya kori zakaran duniya

Takaicin McLaren ne ya tura Alonso Amurka. A 2017 ya bar tseren Monako, wanda ya taɓa ci a 2006 da 2007, ya tafi Indy 500, babban tseren Indianapolis. Burinsa a fili yake: akwai tsere uku da ake ɗauka a matsayin manyan tsere na duniya, Monako da Indy 500 da Le Mans, kuma mutum ɗaya tak ya taɓa haɗa ukun, Graham Hill ɗan Ingila, wanda ya ci Indy a 1966, Le Mans a 1972, Monako har sau biyar.

Filin Indianapolis kilomita 4 ne, kwana huɗu duk zuwa hagu, zagaye 200, jimilla mil 500, kimanin kilomita 805. Ana yin tseren tun 1911, a ƙarshen watan Mayu, motoci 33 a gaban taron da ya kai mutum 300,000, kuma wanda ya ci ana miƙa masa kwalbar madara ya sha. Wanda bai sani ba zai ce ai kewayawa ce kawai, me ke da wuya? Wuyar tana cikin gudun. A gwajin neman gurbi, matsakaicin gudu kan haura kilomita 370 a awa, bango na kankare yana gefe, kuma motar da ke gabanka tana yaga iska ta ja ka a miƙaƙƙen titi, sannan ta kwashe maka iskar da ke danne motarka a kwana. Kuskuren tafin hannu ya isa.

Alonso bai taɓa tsere a irin wannan fili ba, amma ya samu gurbi na biyar, ya jagoranci zagaye 27, yana cikin na gaba har injinsa ya mutu saura zagaye 21. Takuma Sato ɗan Japan ne ya ci. A 2019 McLaren ta dawo da shi da motar da ta shirya da kanta, shirin bai yi kyau ba, kuma a ranar ƙarshe ta neman gurbi wani matashi, Kyle Kaiser, na ƙaramar ƙungiyar Juncos wadda ko masu ɗaukar nauyi ba ta da su sosai, ya ture shi daga gurbi na 33 da tazarar da ba ta kai ƙiftawar ido ba. Zakaran duniya sau biyu ya koma gida bai shiga tseren ba. A 2020 ya samu shiga, matsalar kuloci ta mayar da shi na 21.

A Formula 1 irin wannan ba ta faruwa, kuma dalilin shi ne ginin gasar. A IndyCar, gasar da Indy 500 ke cikinta, kowa gangar mota ɗaya yake saya daga kamfanin Dallara na Italiya, inji kuwa ko Honda ko Chevrolet. Bambancin ya koma kan saitin mota, da dabarar shan mai, da zuciyar direba. Shi ya sa mutanen da Formula 1 ta yar suke zuwa nan su haskaka. Sato sau ɗaya ya hau mumbari a duk zamansa na Formula 1, amma ya ci Indy 500 a 2017 da 2020. Marcus Ericsson ɗan Suwidin ya yi shekara biyar a Formula 1 bai taɓa shiga ukun farko ba, ya ci Indy a 2022. Alexander Rossi ya ci a 2016, zuwansa na farko, ta hanyar tattalin mai, har tankinsa ya ƙafe yana gangarawa layin ƙarshe.

Idan hannun direba kake son gani da wuce-wuce har zagayen ƙarshe, IndyCar ta fi Formula 1, ban da shakka a kan wannan. Gasar ba ta tsaya a filayen ƙwai ba, akwai titunan birni da filaye masu kwana hagu da dama, tsere goma sha bakwai ko kusa da haka a shekara. Nakasunta gare mu biyu ne. Kusan duk tserukan a Amurka ake yi, sukan faɗo da magariba ko cikin dare, ko da yake Indy 500 kanta tana farawa wajen ƙarfe shida saura na yamma agogonmu. Sannan da wuya ka samu abokin hira a kanta a majalisa, kuma kallon wasa ba abokin musu rabin daɗi ne.

NASCAR, gasar manyan motoci masu rufi ta Amurka, Alonso bai shige ta ba. Juan Pablo Montoya ɗan Kolombiya ne ya gwada: ya ci Indy 500 a 2000, ya ci tsere bakwai a Formula 1 har da Monako a 2003, amma shekara bakwai a babban rukunin NASCAR nasara biyu kawai suka ba shi, dukansu a filaye masu kwana hagu da dama. Gasa ce mai tsere fiye da talatin a shekara, kowanne awa uku zuwa huɗu, da dare a wajenmu. Ba zan ba sabon shiga shawarar fara da ita ba.

Le Mans: mota ɗaya, mutum uku, kwana da yini

Nan ne zuciyata ta fi karkata, gara in faɗa tun yanzu.

Ana tseren Le Mans tun 1923, a watan Yuni, a fili mai tsawon kilomita 13.6 wanda wani ɓangarensa titin jama'a ne da ake rufewa. Ana tashi da ƙarfe huɗu na yamma agogon Faransa ranar Asabar, uku kenan a wajenmu, a gama daidai wannan lokaci ranar Lahadi. Wanda ya fi cin nisa shi ya ci, kuma na gaba kan wuce kilomita 5,000. Audi ta kafa tarihi a 2010 da kilomita 5,410. Kowace mota direbobi uku ke karɓa-karɓa a cikinta, kuma motoci kusan sittin ne a fili lokaci guda, rukuni-rukuni, masu gudu da marasa gudu a haɗe. Direban babbar mota yakan riski ƙananan a tsakiyar kwana da ƙarfe uku na dare, wani lokaci cikin ruwan sama, wani lokaci kuma wanda ke tuƙa ƙaramar attajiri ne mai sha'awa da ya biya kuɗin kujerarsa. Dole ya yanke shawara nan take, ya kutsa ko ya jira.

Alonso ya ci a 2018 da 2019 a motar Toyota mai lamba 8, tare da Sébastien Buemi da Kazuki Nakajima, suka kuma ɗauki kambun duniya na tseren juriya, wato tserukan dogon lokaci irin na Le Mans, na kakar 2018 zuwa 2019. Gaskiya guda da masoyansa ba sa son a faɗa: Audi ta fice daga babban rukuni a ƙarshen 2016, Porsche ta bi ta a ƙarshen 2017, don haka Toyota ba ta da abokin karawa sai 'yar'uwarta mai lamba 7. Duk da haka a 2018 motarsu ta ci tara ta koma baya da fiye da minti biyu, kuma tuƙin da Alonso ya yi cikin dare ne ya ciyo tazarar. A 2019 kuwa lamba 7 ce ke gaba saura awa ɗaya, tayarta ta yi faci, na'urar da ke nuna iskar taya ta nuna wata taya daban, aka canza lafiyayya aka bar mai facin, sai da ta sake komawa gareji. Nasara ta faɗo hannun su Alonso. Rabo ne, shi ma bai musa ba.

Amma wanda ya san abin da ya samu Nakajima a 2016 ba zai yi masa hassada ba. A shekarar yana kan gaba, Toyota na dab da cin Le Mans karon farko bayan shekaru tana nema, saura 'yan mintoci agogo ya cika, motar ta rasa ƙarfi ta tsaya a miƙaƙƙen titin da ke gaban garejinsu. Porsche ta wuce ta ci. Awa ashirin da uku da minti hamsin da wani abu suka tafi a banza. Na ga manyan injiniyoyi a hoton ranar sun dafe kai suna kuka, kuma tun daga lokacin ban ƙara ɗaukar wannan tseren da wasa ba. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare, kuma a Le Mans miyar ba ta ƙarewa sai an kaɗa tuta.

Abin da gasar ke nema daga direba ya saba wa tarbiyyar Formula 1. A can abokin ƙungiyarka shi ne abokin gabarka na farko. A nan kujera ɗaya kuke zama, saiti ɗaya kuke amfani da shi ko da bai yi maka daidai ba, kuma in ka cinye taya ko ka daki gefen titi don ka nuna gudu, wanda zai karɓe ka ne zai sha wahala. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A farkon 2019 Alonso ya ƙara da tseren awa 24 na Daytona a Amurka cikin motar Cadillac, su huɗu, a ruwan saman da ya sa aka tsayar da tseren kafin lokaci.

Ga mai zaɓe a yau, labarin ya fi na zamanin Alonso daɗi. Tun da aka kawo sabon babban rukuni a 2021, kamfanoni sun dawo: Ferrari, Porsche, Peugeot, Cadillac, BMW, Alpine, ga Toyota tana nan. Ferrari ta ci a 2023, 2024 da 2025. Cikin waɗanda suka ci a 2025 akwai Robert Kubica ɗan Polan, wanda ya taɓa cin tseren Formula 1 a Kanada a 2008, ya yi mummunan haɗari a 2011 da ya nakasa masa hannun dama. Gasar duniya ta juriya tsere takwas ce kacal a shekara, yawancinsu awa shida, saboda haka ba ta cinye kowace Lahadi. Aibinta a bayyane yake: ba wanda zai zauna awa 24 gaban allo, sunaye sun yi yawa, kuma hukumar gasar kan daidaita ƙarfin motoci ta hanyar ƙara wa wata nauyi ko rage wa wata ƙarfin inji, abin da ke jawo ƙorafi kowace shekara. Yadda masu bin ta ke yi shi ne su kalli tashi, su leƙa bayan isha'i, su sake leƙawa bayan asuba lokacin da gajiya ke sa a yi kuskure, sannan su zauna wa awa biyun ƙarshe.

Dakar: tseren da ya taɓa bi ta ƙofar gidanmu

Cikin huɗun, wannan ne kaɗai ke da tarihi da ƙasarmu. Thierry Sabine, Bafaranshe, ya ɓata a hamada a kan babur a 1977 yayin wani tsere daga Abijan zuwa Nice. Da aka ceto shi sai ya ƙudurta kawo wasu su ga abin da ya gani. Ranar 26 ga Disamba, 1978, ababen hawa 182 suka tashi daga Paris, suka ratsa Aljeriya, suka shigo Nijar ta Agadas, suka wuce Mali har Dakar, 74 ne suka isa. Shekaru da dama Agadas da hamadar Tenere su ne zuciyar tseren, wato ƙasar da ayarin gishiri ke ratsawa zuwa Bilma. Sabine ya mutu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali ranar 14 ga Janairu, 1986, aka watsa tokarsa a gindin wata bishiya a Tenere. A 2000 barazanar tsaro ta sa aka kwashi tseren gaba ɗaya a jiragen sama daga Yamai zuwa Libiya. A 2008 aka soke shi saboda barazana a Moritaniya, ya koma Kudancin Amurka daga 2009 zuwa 2019, sannan Saudiyya daga 2020. Ba a rasa abin kuka ba a zamanin da yake Afirka: motoci sun sha kaɗe mutane a ƙauyuka, har da yara, kuma da yawa sun ga rashin dacewar attajirai su wuce da gudu ta gaban masu fama da fari. Duk mai son tseren ya kamata ya san wannan ɓangaren.

Alonso ya shiga na 2020, na farko a Saudiyya, daga Jidda zuwa Kiddiya kusa da Riyad, zango 12, fiye da kilomita 7,000, a Toyota Hilux. Sunan ne da kamanni irin na Hilux ɗin da muka sani, cikinta kuwa ƙirar tsere ce tun daga ƙasa. Wanda ya zauna gefensa yana karanta hanya shi ne Marc Coma, wanda ya ci Dakar sau biyar a babur. A zango na biyu, cikin ƙurar motar gaba, suka daki dutse, ƙafar gaba ta karye. Babu makanikai ashirin a nan. Su biyun suka sauko suka kwance suka ɗaura da hannunsu, suka yi asarar kusan awa biyu da rabi. A zango na takwas suka zo na biyu. A na goma motar ta wuntsila sau biyu daga kan tudun yashi ta faɗi a kan tayoyinta, suka cire fasasshen gilashin gaba suka ci gaba a haka. Sun gama na 13. Carlos Sainz babba, ɗan ƙasarsu, mahaifin direban Formula 1 mai irin sunansa, shi ya ci.

A Dakar ba a gwada hanya kafin tsere. Littafin hanya ake ba ka mai zane-zane da nisa da alƙibla, kuma mai karanta shi shi ne madugu uban tafiya, in ya ɓata kun ɓata ko da kai ne ka fi kowa gudu. Sanin yashi, wane tudu ne ke da gangara a bayansa, wane wuri ne mai laushi da zai haɗiye taya, abu ne da shekaru ke koyarwa. Shi ya sa dattawa ke mulki a nan. Stéphane Peterhansel ya ci sau 14 tsakanin babur da mota. Sainz ya sake ci a 2024 yana da shekara 61. Nasser Al-Attiyah ɗan Katar ya ci a 2011, 2015, 2019, 2022 da 2023, Yazeed Al-Rajhi ɗan Saudiyya ya ci a 2025 a Hilux. Mace ma ta taɓa ci, Jutta Kleinschmidt 'yar Jamus, a 2001.

Wajen kallo, Dakar ce ta fi sauƙin kuɗi kuma ta fi wuyar gani kai tsaye. Motoci ba sa tashi tare, ɗaya bayan ɗaya ake sakin su, da agogo ake fafatawa, don haka ba za ka ga wuce-wuce irin na fili ba. Abin da ake bi shi ne taƙaitaccen hoton kowace rana da yamma da jadawalin lokuta. Mako biyu ne a Janairu, shi ke nan sai baɗi. Ga direban da ya san hanyar Agadas zuwa Dirku, ko duk wanda ya taɓa rage iskar taya don fita daga yashi, babu gasar da zai fahimta da jikinsa kamar wannan.

Batun haɗari kuwa, babu mai tsarki cikinsu. Jules Bianchi ya rasu a 2015 sakamakon haɗarin Formula 1 a Japan a 2014, abin da ya gaggauta sanya ƙarfen kare kai a 2018, wanda ya ceci Romain Grosjean a gobarar Baharen a 2020. IndyCar ta rasa Dan Wheldon a 2011 da Justin Wilson a 2015 kafin ta sanya gilashin kariya a 2020. Le Mans na ɗauke da tabon 1955, ranar da fiye da mutum 80 suka mutu. A Dakar ɗin da Alonso ya shiga, Paulo Gonçalves ɗan Fotugal ya rasu a kan babur a zango na bakwai, kuma har yau masu babur ne suka fi shiga hatsari a can.

To wanne?

In kai mai son hira da musu ne, kana son wasa kusan kowane mako biyu a lokacin da bai hana ka barci ba, riƙe Formula 1, amma ka koya wa idonka auna direba da abokin ƙungiyarsa, in ba haka ba motar da ta fi kuɗi za ka yi ta yabo kana zaton direba kake yabo. In kuwa abin da ya dame ka shi ne sanin wa ya fi iya tuƙi idan aka ba kowa kayan aiki iri ɗaya, kuma daren Lahadi bai fi ƙarfinka ba, IndyCar ce taka. Álex Palou, wani ɗan Sifaniyan, wanda ya ci kambun gasar a 2021, 2023, 2024 da 2025, ya isa dalilin kallo. In data ce matsalarka, ko kuwa kai mutumin hanya ne, Dakar ba za ta ci maka fiye da minti goma sha biyar a rana ba na mako biyu.

Ni dai da za a ce in ajiye uku in riƙe ɗaya, tseren juriya zan riƙe. Dalilina daga rayuwar Alonso na ɗauko shi. Formula 1 ta bar shi shekaru yana jiran motar da ba ta zo ba, Indianapolis ta ba shi rana ɗaya mai kyau ta ƙwace, Dakar ta nuna masa cewa ya zo a makare ga ilimin da ake tarawa shekara ashirin. A Le Mans ne gudunsa, da haƙurinsa, da aikin makanikai, da kuskuren na'ura, da rabo, duk suka bayyana a tsere guda, kuma mai kallo yana iya ganin kowanne da idonsa. Yanzu da kamfanoni bakwai ko takwas ke fafatawa a babban rukuni, ba a sanin mai ci sai rana ta ɗaga ranar Lahadi.

Wanda bai yanke shawara ba tukuna, akwai gwaji mai sauƙi. Daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuni ake yin Indy 500 da Monako da Le Mans, cikin makonni uku ko huɗu. A kalli ukun a shekara guda, a ƙara da taƙaitattun hotunan Dakar idan Janairu ta zo. Kafin lokacin, a nemi hoton mintuna goma na ƙarshen Le Mans na 2016 a YouTube, a fara da shi.